Allon da Ke Komawa Shafin Farko

Venlo, 17 ga Maris, 1996

Kawu Huub,

An ba ni zuwa ƙarshen Afrilu in gyara allon kwamfuta na karɓar kaya. In bai gyaru ba, wata biyuna na gwaji sun ƙare ke nan, aikin ma ya ƙare. Manaja Coenen ne ya gaya mini ranar Juma'a, a bakin ƙofa, yana laluben makullin motarsa.

Ka yafe mini da na sa wannan gaban gaisuwa. Ina fata kuna lafiya kai da Inna Riet, kuma sanyin Esbjerg bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Mama tana nan ƙalau, sai tarin nan da ba ya barinta sai hunturu ya fita. Ta ce in tuna maka aikin wata shida ka ce za ka je yi a Denmark, ga shi har an manta kalar motarka a unguwa.

Daga gida nake rubuto maka, da hannu, domin injin faks na ofis yana jikin teburin Geurts. Shi ne ɗaya mai rubuta manhajar, ya kusa shekara ashirin a ƙungiyar manoman da nake wa aiki, kuma har masu shara sun san shi ya sa ran kujerar da aka ba ni.

Ga matsalar. Da safe manoma suna kawo tumatir da kokwamba bakin sito kafin a buɗe gwanjo. Truus da Netty suna zaune a taga suna shigar da kowane kaya a babbar kwamfutarmu, AS/400. Kayan suna fitowa a jere a allo, wato sabfayil, bisa lambar manomi. Da an shigar da sabon kaya, sai allon ya koma shafin farko. Sabon layin ya shiga, amma ba a ganinsa, ga shi kuwa a jikinsa ne lambar da za a rubuta a katin akwatuna take. Dole su yi ta juya shafi har su kai gare shi. A hunturu ba wanda ya damu, shafi uku ne ko huɗu. Yanzu gidajen gilashi da ake noma a ciki sun fara zubo kaya, shafukan sun haura talatin. Netty sabuwa ce. Sau biyu ta ɗauka kayan bai shiga ba, ta sake shigarwa. Ranar Laraba an sayar da kokwambar mutum ɗaya ga masu saye biyu, na biyun ya zo da mota ya tarar da fili.

Allon ba ya ɗauko jerin gaba ɗaya. Layi sha huɗu yake ɗauka, sai an juya shafi ya ƙaro wasu sha huɗu. A ganina an yi haka ne saboda a tsakiyar kaka jerin mako yakan wuce dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara, wanda shi ne iyakar abin da sabfayil ke riƙewa.

Ka san abin da ya hana ni tambaya a nan. A takardar shaidar da ka rubuta mini ka ce na yi shekara biyu a ƙarƙashinka ina rubuta irin waɗannan alluna. Ni da kai mun san dogon hutun makaranta biyu ne, kuma rahotanni nake bugawa. Coenen ya karanta mini wannan sakin layi a ranar da ya ɗauke ni, ya ce, "Wanda Huub Verhaeg ya koyar ba sai an gwada shi ba." Na yi murmushi, ban gyara masa ba.

Don Allah ka rubuto mini yadda ake yi.

'Yarka,
Mirte

Esbjerg, 24 ga Maris

'Yata Mirte,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana hasashen ruwan sama fiye da mutumin rediyo. Riet ta shiga ajin koyon harshen mutanen nan, yanzu tana iya yi wa mai kifi faɗa ba tare da taimakona ba. Ki gaida mamarki, ki ce mata motar har yanzu ja ce, ita kuma ta sha zuma don tarin.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na yi dariya, don na zaci wani babban abu ne ya faru. Kwantar da hankalinki. Wannan abu ne da ake koya wa sabon ɗauka a makonsa na farko.

Kowane layi a sabfayil yana da lambar matsayinsa: na ɗaya, na biyu, har ƙasa. Akwai kalma guda da ake sakawa a bayanin allo, SFLRCDNBR. Aikinta ɗaya ne. Ki ba ta lamba, ita kuma ta buɗe allon a shafin da layin mai wannan lambar yake. To da an shigar da sabon kaya, ki nemo matsayinsa a jerin, ki miƙa mata lambar, ki nuna allon. Shi ke nan. Aikin rabin yini ne har da shan kofi.

Kada ki je wurin Geurts. Na san shi tun yana da gashi.

Maganar takarda kuma, ki daina ɗora wa kanki. Takarda ce, ba rantsuwa ba. Na san kanki, na ga yadda kike kama abu, wata shida kawai na riga lokaci. Da mahaifinki yana raye, haka zai yi wa ɗana.

Ki rubuto ki gaya mini irin fuskar da Coenen ya yi.

Kawunki,
Huub

Esbjerg, 9 ga Afrilu

Mirte,

Ina fata kina lafiya. Mu dai lafiya, Riet ta yi mura ta warke.

Bikin Ista ya zo ya wuce, ko kati ba mu gani daga gare ki ba. Na buga wa mamarki waya ranar Lahadi. Ta ce kina fita kafin ta tashi, ki dawo ki ci abinci ba magana, kuma "lafiyarta ƙalau". Na san wannan murya tata tun muna yara a gidan kakarmu. Da ita take cewa ba ita ta fasa tulu ba.

Abu biyu ne. Ko dai allon ya gyaru kin manta da tsoho, wanda ba laifi ba ne, haka ake yi. Ko kuma akwai abin da ba ki so in ji. In na biyun ne, gara in ji daga gare ki.

Huub

Venlo, 13 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ku. Na ji daɗi da Inna Riet ta warke. Tarin Mama ya yi sauƙi. Ni ma lafiyata ƙalau, wannan karon da gaske ake nufi, in dai jiki ake magana.

Na biyun ne.

Na yi yadda ka ce. Na gwada a ma'ajin gwaji, wanda layi goma ne kacal a cikinsa, ya yi aiki sarai. Na sa shi a kan aiki ranar Litinin ta makon Ista, makon da kowa ke son kayansa su fita. Manoman farko masu ƙananan lambobi ne, komai ya tafi daidai, har Truus ta ɗago mini babban yatsa ta gilashi. Can sai ga wani mai babbar lamba. Matsayin layinsa ya wuce ɗari uku. Manhajar ta miƙa wa allon wannan lamba, shi kuwa layi sha huɗu ne kawai a hannunsa. An ce ya nuna abin da ba shi da shi. Ya tsaya cak, da saƙon kuskure, a tagogin biyu.

Taraktoci suka yi layi har titi. Wanda ya zo kan taga a lokacin Wiel Driessen ne, mai kokwamba, kuma shugaban kwamitin ƙungiyar. Bai ɗaga murya ba. Ya leƙo ya dube ni, ya ce, "Ke ce ta Huub?" Na ce ni ce. Ya ce, "To ki gaida shi. Ki ce masa kokwambata tana yaushi da sunansa."

Truus ta ciro katuna tana rubuta lambobi da hannu, tana cewa, "Na gaba. Ku matso, biro bai taɓa nuna mini saƙon kuskure ba." Geurts ya sauko, ya mayar da tsohuwar manhajar, ya hau sama. Ko kallona bai yi ba. Da ya yi mini gori da ya fi sauƙi.

Daga baya na gane dalilin da kaina. Sai na sake dabara: da an shigar da kaya, a share allon, a fara ɗauko jerin daga kan sabon layin. Wannan ya yi aiki, sabon kaya yana fitowa a saman shafi. Abin da ban yi tunani ba shi ne, yanzu a wurin allon wannan layi shi ne na ɗaya, babu komai a samansa. Ana iya juyawa gaba, ba a iya komawa baya. Ranar Laraba Netty ta so duba kayan wani da ya zo da sassafe, ta danna, allon ya ƙi motsi. Ta miƙe tsaye ta ce an goge kayan safe duka. Ba abin da aka goge, amma kafin in yi bayani Coenen ya riga ya sauko. Garin neman gira na kusa rasa ido. An sake mayar da tsohuwar.

Ka tambayi abin da ya hana ni rubutu. Layin nan naka ne, na makon farko. Na karanta shi fiye da sauran wasiƙar gaba ɗaya. Ina mako na shida a kujerar da aka hana mutum mai shekara ashirin a aikin, kuma abin makon farko ya gagare ni. Ban ga me zan ƙara gaya maka ba.

Abu ɗaya kawai, ba don in ɗora maka ba. Na rubuta maka cewa sha huɗu-sha huɗu yake ɗauka. Laifina ne da ban gane abin da hakan ke nufi ba. Amma na rubuta.

Mirte

Esbjerg, 17 ga Afrilu

'Yata,

Muna lafiya. Bari in tafi kai tsaye.

Na ciro wasiƙarki ta farko daga bayan agogo. Layin yana nan, da rubutunki mai kyau, har da dalilin. Idona ya bi ta kansa bai tsaya ba, saboda tun a sakin layi na sama na riga na yanke cewa na san amsar. Maganin da na ba ki na allon da ke ɗauko jerin duka ne a lokaci guda. A nan abin da muke yi ke nan, jerinmu gajeru ne, jiragen kifi ba su da yawa. Riet ta tarar da ni zaune da takardar a hannu, ta tambaya ko wani ne ya rasu.

Maganar makon farko, so na yi in rage miki nauyin abin. Na ga yanzu ƙara miki na yi. Kuma ba gaskiya ba ce. Irin allon da ke hannunki ba na makon farko ba ne, ni kaina rabona da rubuta irinsa tun kafin in bar gida, kuma na tuna na sha wuya.

Ga abin da nake iya tunawa. In za ki fara daga tsakiyar jeri, to juya shafi ya bar hannun allon ya dawo hannunki, gaba da baya. Sai manhajar ta riƙe alamar layin da ke saman shafi. In an ce baya, ta koma kansa ta karanto sha huɗu a juye, sannan ta jera su daidai. Ba manhajar a gabana, kada ki ɗauki wannan a matsayin magani. Na riga na ba ki ɗaya daga nesa.

Na ce kada ki je wurin Geurts. Don kaina na faɗa, ba don ke ba. In ya ga abin da ba ki sani ba, ya gane abin da na rubuta a takardar shaidar ba gaskiya ba ne.

Ki gaida Driessen in kin ga fuskar yin hakan. Saƙonsa ya iso.

Huub

Venlo, 21 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa gare ku duka. Mama ta warke sarai, har ta fita lambu jiya. Na gode da katin da Inna Riet ta aiko, ya zo a kan kari. Wasiƙarka kuma ta zo jiya Asabar, bayan komai ya riga ya faru.

Ranar Alhamis ce ranar haihuwata, dole na kai kek ofis. Na so in yi kamar na manta, Mama ta ce a gidan nan ba a taɓa yin wannan abin kunya ba, ta je da kanta ta sayo guda biyu, na ceri da na shinkafa. Lokacin kofi aka ja kujeru aka yi da'ira, kowa ya zo ya ba ni hannu, har Geurts. Ka san yadda zaman yake, ba inda za ka kalla sai fuskar wani.

Coenen yana cin nasa ya ce, "To, mai ranar haihuwa, yaya allonmu? Saura mako guda da 'yan kwanaki."

Na shirya amsar da nake bayarwa kullum, cewa ana kai. Sai na ga Netty ta sunkuyar da kai. Tun ranar Laraban nan ake tsokanarta da "an goge", alhali ita gaskiyar abin da ta gani ta faɗa. Na ajiye cokali na ce, "Ban san yadda zan sa shi ya koma baya ba. Ban taɓa rubuta sabfayil ba kafin in zo nan."

Ana jin injin kofi yana ɗiga. Can Truus ta ce, "To. Wa ke son ragowar na cerin? In ba kowa, ni ba na kunya." Aka ɗan yi dariya, kowa ya tashi da farantinsa. Coenen ya gama cin nasa tsaf, ya goge baki, ya ce, "Allah ya ƙara shekaru," ya fita.

Da yamma ina kwance kekena a rumfa Geurts ya zo, yana ɗaure ƙafar wandonsa zai hau nasa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Hovens." Da sunan gidanmu yake kirana. "Kin ɗauka da na iya, da sai an jira ki?"

Na ce na ɗauka ƙyale ni yake yi in faɗi.

Ya ce, "Ni ma na ɗauka ke kin iya, kina jan rai ne a ga darajarki. Gobe ki zo da littafin alluna, mai kaurin. Ni zan zo da tabarau."

Juma'a da safiyar Asabar muka yi a teburin ɗakin cin abinci, da littafin da takardun manhajar a baje. Hanyar da muka kai gare ta kusan ita ce ka rubuto, sai dai mun sha wuya a wurare biyu da ba ka ambata ba: in an koma baya kuma abin da ya rage bai kai shafi ba, da kuma in manomi ɗaya yana da kaya da yawa har sun tsallaka shafi. Na farkon ni na warware, na biyun shi. Mun yi musu sosai a kan duka biyun. Truus ta shigo neman madara ta ce ita ba ta son sabon layi a can sama, tana son ganin kayan manomin na baya a kansa. Saboda haka yanzu manhajar tana ja da baya layi biyar kafin ta cika shafi, kuma alamar rubutu tana sauka a kan sabon layin. Wannan karon mun kwafo jerin mako guda cur muka gwada da shi. Gobe Litinin zai hau aiki.

Na karanta abin da ka ce game da Geurts. Ban ji haushi ba. Ni ma don kaina na yi shiru ranar da aka karanta mini takardar.

Saura abu ɗaya. Ranar Juma'a Coenen ya tsaya a teburina ya nemi lambar wayarka ta Esbjerg. Na ba shi. Ban roƙe shi komai ba, kai ma ba zan gaya maka abin da za ka ce ba.

'Yarka,
Mirte

Esbjerg, 25 ga Afrilu

Mirte,

Muna lafiya, Riet tana gaishe ki da mamarki.

Coenen ya kira ɗazu, a wurin aiki. Ya fara da tambayar gwiwa, sannan ya ce allon yana aiki tun Litinin, ba layin taraktoci, ba kayan da aka shigar sau biyu, kuma Truus ta ce a gaya wa duk mai son ji cewa ta mayar da biro aljihu. Na ce madalla.

Sai ya ce, "Huub, shekara biyu ka rubuta."

Na ce, "Dogon hutu biyu ne. Rahotanni ta buga mini. Ni na rubuta, ita ba ta ga takardar ba sai da na rufe ambulan."

Ya ce, "Amma na karanta mata, ta ji."

Na ce ta ji, kuma shekararta ashirin da uku, kuma kawunta ne ya rubuta. Na ce in akwai wanda za a daina yarda da maganarsa a ƙungiyar, ni ne, kuma ya faɗa wa kwamiti haka da sunana.

Sannan ya ce, "Shekara nawa muna zama benci ɗaya a coci, Huub? Da ka ce mini yarinya ce mai kai, ba ta da gogewa, da na ɗauke ta a ƙaramar kujera, ba wanda zai ji kunya." Gaskiya ya faɗa. Na riƙe wayar ina kallon bango, wani yaron Denmark a teburin gaba yana yi kamar ba ya ji, alhali ko ya ji ba zai gane ba.

Ya ce maganar ta wuce hannunsa. Duk wanda aka ɗauka da takardar da ba daidai ba, kwamiti ne ke yanke hukuncinsa, kuma Driessen ne zai jagoranci zaman. Shi Coenen zai faɗi abin da ya gani, mai kyau da marar kyau. Ya kuma ce Geurts ya nemi a ba shi dama ya yi magana a zaman, abin da bai taɓa yi ba tun da ya shiga ƙungiyar. Na tambaye shi me zai ce. Ya ce bai gaya wa kowa ba.

Gobe Juma'a za su zauna, bayan an tashi gwanjo. Kafin wasiƙar nan ta iso Venlo kin riga kin ji. Ni ban ji ba tukuna.

Kawunki,
Huub